Ya Ko Ta a Zangon Park Hill

Tashar ba ta fi rumfar mai shayi girma ba. Katakai ne aka jera a gefen layin dogo, da benci guda, sai ciyawa da ta kai ƙugu ta kewaye ko'ina. Jirgi ma ba ya tsayawa a nan sai Asabar da Lahadi, shi ma don irinmu ne masu bin hanyar ƙafa ta duwatsun Appalachia, wadda ta taso daga jihar Georgia ta miƙe har Maine. A kan bencin nan na zauna da safiyar wata Asabar ina ɗaure wandona da igiyar tanti, domin ramukan bel ɗina sun ƙare tun a Pennsylvania.

Cokali yana tsaye a kaina. Dattijon Bature ne, tsohon ma'aikacin kashe gobara, gemunsa fari har ƙirji, tun daga Virginia muke tafiya tare. A hanyar nan kowa da sunan da ake laƙaba masa. Nasa in an juya shi da Hausa shi ne Cokali, saboda cokalin da ya rataya a wuya kamar laya. Ni kuwa Sannu suke ce mini, don duk wanda na tarar yana haki a kan hawa sai na ce masa sannu, har kalmar ta manne mini.

"Sannu," ya ce, "jikinka ya fara cin kansa. Jiya sau nawa ka zauna a hawan da bai kai ya kawo ba? Duwatsun da ke gaba ba irin waɗannan ba ne. Ka shiga birni ka samo abincin da zai riƙe ka. In ba ka samu ba, kada ka dawo. Zan jira jirgin Lahadi. In ban gan ka ba zan wuce, don dutsen ƙarshe rufe shi ake yi da zarar sanyi ya sauka."

Gaskiya ya faɗa. Su busasshen namansu suke ci, ni kuwa ba na taɓa shi tunda ban san wanda ya yanka ba. Watanni ke nan ina kan taliya da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da kifin leda. A Funtuwa na tashi, ina satar littattafan soyayyar yayyena mata daga ƙarƙashin katifa, kuma a cikinsu ne na fara son jarumin da ke keta daji. Da na gama karatu a Atlanta sai na ce kafin in koma gida zan yi labari guda da ƙafata, ba da idona a kan takarda ba. To ga shi na ci fiye da rabin hanya, ƙafar tana so, cikin ya ƙi.

Abin da na dogara da shi lambar waya ce guda. A wani gidan mai a Pennsylvania, ina alwala da gorar ruwana a bayan gini, wani direban babbar mota ya ji ina amsa wayar mahaifiyata. Sai ji na yi an ce, "Kai, ɗan'uwa! Hausa a nan?" Razak sunansa, ɗan zangon Kumasi. Ya saya mini shayi da burodi, ya kalli wuyana ya girgiza kai. "In ka kai kusa da New York ka kira tsohuwata a Park Hill. Ya iya abinci paa." Na ji ya ce "ya iya", na ɗauka santsin baki ne.

Da na kira tsohuwar tasa, Hajiya, daga kan dutse ana gobe zan sauko, muryarta ta cika wayar. "Yoo, Razak ya gaya mani. Ka zo. Ka shiga feri, jirgin ruwa, ka sauka St. George. Autana zai tsaya maka, ya taso aiki ke nan. Yana aikin asibiti. Dogo ne, baƙi, da shuɗiyar riga."

Shi ya sa da muka wuce rafi da safe ko fuska ban tsaya wankewa da kyau ba. Namiji ɗan'uwana ne zai tare ni, me zan gyara?

Jirgi ya zo, na shiga, zuciyata tana tsalle. Itatuwa suka fara raguwa, gidaje suka fara yawa, sai gadoji, sai benaye, har muka nutse ƙarƙashin ƙasa. Da na fito a babbar tashar Manhattan na ɗaga kai na ga rufi kore da zanen taurari, na tsaya baki buɗe da jakata a baya da sandunana biyu a hannu. Mutane suna tsagewa gida biyu suna wuce ni. Na ɗauka girmamawa ce ga matafiyi. Sai da na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wata mata ta tashi daga kusa da ni ta koma can ƙarshe ta toshe hanci da gyale, sannan na gane. Ban ji haushi ba, dariya ma na yi. Komai burge ni yake yi: fitilu, mai busa ƙaho a bakin matakala, ƙamshin gasasshiyar gyaɗa, har ihun direbobi.

A bakin ruwa wani mutum ya tare ni, da rigar ma'aikata mai ɗaukar ido da kati a wuya. Ya ce feri zan shiga? Na ce e. Ya ce to gara in yanki tikiti a wurinsa, na zuwa da dawowa, kada in bi dogon layi. Na biya, ya ba ni 'yar takarda mai hoton jirgi, na yi masa godiya, har sannu na ce masa. Na shiga tare da jama'a babu wanda ya tambaye ni komai. Na ce a raina wataƙila a wurin sauka ake karɓa, na adana ta a aljihun gaba.

Ban san yadda zan kwatanta wannan tsallakawa ba. Wanda ya yi watanni ba ya ganin komai sai ganye a gabansa da ganye a bayansa, yau ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Na tsaya a bakin ƙarfe iska tana kaɗa gemuna, fararen tsuntsaye suna bin mu, benayen Manhattan suna ja da baya kamar ana naɗe su. Muka wuce mutum-mutumin koriyar matar nan mai ɗaga fitila, kowa ya zaro waya. Ni kuwa tunanina ya tafi inda ya saba tafiya in na kwanta a tanti. Na sha tsara ranar da zan haɗu da wadda Allah ya rubuta mini. Farar shadda zan sa mai aikin hannu, da hula zanna, da turaren da zai riga ni isa. Zan fito daga mota a hankali, ita kuma littattafanta za su zube, in durƙusa in tattara mata. Ban taɓa canza ko layi ɗaya a tsarin nan ba.

A St. George na tsaya ina duba duk dogon baƙin namiji mai shuɗiyar riga. Na yi wa wani sallama na ce, "Auta?" Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce shi ɗan Laberiya ne, kuma ba shi da canji. Ina nan ina juye-juye sai na ji murya a bayana.

"Salamu alaikum. Kai ne Sannu?"

Na juya. Wallahi da akwai rami a wurin da na shige. Doguwa ce, baƙa mai sheƙi, da kayan asibiti shuɗɗa da ɗan ƙaramin hijabi ruwan toka. Dara-daran idanunta sun yi ja kaɗan don gajiya, amma da ta yi murmushi wushiryarta ta bayyana sai na ji ƙirjina ya buga kamar an saki ganga. Ni kuwa ga ni nan: wando ɗaure da igiyar tanti, riga ta yi taswirar gishirin gumi, takalmi ɗaya naɗe da salatif, ƙudaje biyu da suka biyo ni tun daga Manhattan.

"Ni ne," na ce. "Amma Auta nake jira."

"To ga shi nan, ka gan shi."

"Hajiya ta ce namiji ne. Ta ce dogo, baƙi..."

Ta tuntsure da dariya har ta dafa bango. "Mma bai ce namiji ba. Ya ce dogo. Ni gajere ne? Kai, ku 'yan Najeriya kuna son wahala. Ya, ta, shi, ita, ka, ki. Akwai wani nurse 'yar Kano a wurin aikinmu, kullum sai ya gyara mani magana. Mu a zango ba mu da lokacin wannan. Kowa 'ya' ne. Mma 'ya' ne, ni 'ya' ne, akuya ma 'ya' ne."

Zenabu ne sunanta na yanka, amma ban ji kowa ya kira ta da shi ba. Don in ɓoye kunyata sai na zaro takardata na ce, "Ina ake miƙa wannan?"

Ta karɓa ta juya ta. "Mene ne wannan?"

"Tikitin feri."

"Feri free ne, Malam! Tun kafin a haife ni free ne!" Ta riƙe baki. "Ka tako tun daga Georgia maciji bai sare ka ba, sai ɗan Manhattan. Ajiye shi, ka kai Funtuwa ka nuna."

A cikin bas ta nuna mini kujera, ita kuma ta zauna can nesa kusa da taga. "Kada ka ji haushi," ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "A asibiti na ji wari iri-iri, amma naka sabo ne." Na ce ba komai. Ko me ta ce mini a ranar, ba komai zan ce.

Park Hill jerin benaye ne na jan bulo. A bakin titi mata sun baza busasshen kifi da attarugu da manja, tsofaffi a kan kujeru suna hira, yare kala-kala yana tashi. Ƙamshin daddawa ya doke ni tun daga matakala, idona ya kawo ruwa. Hajiya Memuna ce ta buɗe ƙofa, gajeriya mai jiki, da carbi a hannu. Na rusuna zan gaishe ta, ta ja da baya.

"Innalillahi! Wannan ne? Auta, ka kai shi bayi tukuna. Gaisuwa bai gudu."

Ruwan da ya sauka daga jikina kalar kunun kanwa ne. Sau uku ina saɓa sabulu. Na fito cikin kaftanin Razak, ya zauna mini kamar an rataya shi a jikin sanda. Na tarar an shimfiɗa ledar cin abinci a falo: tuwon zafi mai laushi da miyar ayoyo da naman akuya, ga wake da shinkafa da suke kira wace, ga wani baƙin yaji mai mai, shito, wanda ban taɓa ɗanɗana ba. Lomar farko da ta wuce maƙogwarona sai da na rufe ido. Na rasa lissafin malmala. Hajiya tana zaune a kujera tana kallona kamar mai kallon wasa, duk na ɗago sai ta ce, "Auta, ƙara masa."

Da na lafa ta matso. "Yanzu gaya mani. Wa ya kore ka?"

"Babu kowa, Hajiya."

"Biyan ka ake yi?"

"A'a."

"Hm. Kakana da ƙafa ya taso daga Katsina har Salaga, da jakuna. Inda ayari ya sauka nan muka zauna, shi ya sa ake ce mana 'yan zango. Amma shi goro ya je saye. Kai in ka kai ƙarshen dutsen me za ka sayo?"

Na ce ba a sayar da komai a can. Wani allon katako ne a ƙololuwar dutsen, sama da gajimare, an rubuta sunan dutsen a jiki. Mutum ya taɓa shi, ya sauko. Ban san lokacin da na zurfafa ba. Na ba ta labarin safiyar da na farka na ga hazo a ƙarƙashina kamar tafkin nono, da dawakan daji da suka lashi gumin hannuna a Virginia, da yadda kiran sallar da nake yi ni kaɗai yake dawo mini daga dutse zuwa dutse.

Hajiya ta juya. "Auta, yaron nan yana da lafiya?"

"Ƙafarsa ne ba lafiya, Mma. Kan ban duba ba tukuna."

Auta ta kawo roba da ruwan ɗumi da gishiri, ta sa safar hannu ta asibiti ta duba ƙafafuna. Farce biyu sun fita, diddige ya tsage. Yanzu babu wasa a fuskarta. "Ƙafar nan zai warke. Matsalar ciki ne. In ka ci gaba da taliya za ka faɗi a inda babu mai ɗaga ka. In ka samu nama da mai, zai kai ka."

"Bai zuwa ko'ina," in ji Hajiya. "Ga ɗaki, ga abinci. Razak zai sama masa aiki. Ɗan mutane ya mutu a daji saboda allo?"

Duk da haka ita ce ta tura mu kasuwa ni da Auta, ta ce ko zai tafi ko zai zauna sai an yi masa dambun nama. Muka fita da keken sayayya. Mahaucin wani ɗan Maraɗi ne, da ya ji labarina sai ya ce, "D'accord, shi ke nan, cinya za a ba ka, babu kitse, babu jijiya," ya ƙara mini tsoka guda kyauta. A shagon kayan gida muka ɗebi garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, madarar gari, citta da kanumfari. Duk abin da ta miƙo sai na auna shi a tafin hannu, in ya yi nauyi in mayar. Ta ɗauko kwalbar shito na ce kwalba ba ta hawa dutse.

"Sai in juye maka a roba. Kai wane irin mutum ne?"

Na zaro burushin haƙorina na nuna mata yadda na yanke mariƙinsa don rage nauyi. Ta karɓa ta ɗaga shi sama ta kira mai shago ya zo ya gani. Na tsaya ina murmushi kamar an ba ni lambar yabo.

Da la'asar gidan ya koma kamar jajibirin Sallah. An dafa naman da kayan ƙamshi har ya yi lugub, sannan aka ɗora turmi a kan matasai biyu, don matar da ke ƙasa in ta ji daka sai ta fara dukan rufinta da sandar tsintsiya. Auta ta naɗe hannun riga ta kama taɓarya. Ni aka ba faranti ina tsince jijiya. Hajiya tana gaban tukunya tana juyawa har naman ya bushe ya tashi kamar auduga, a gefe kuma ga ƙullin dakuwa yana jiran a mulmula. Gumi ya tsattsafo a kan hancin Auta, tana daka tana ba ni labarin wani tsoho a asibitinsu da ya rantse sai ya aure ta in an sallame shi.

A nan ne na fasa tafiya. Ban gaya wa kowa ba, amma na gama yankewa. Na ce me ke cikin allon katako? Cokali ya wuce abinsa. Kafin a kwashe kaskon farko na riga na kama aiki, na kama gida mai taga tana kallon ruwa, na turo kawuna daga Funtuwa sun kawo goro, har na raɗa wa 'yarmu ta fari sunan Hajiya. Na ce bari in yi magariba sannan in aika wa Cokali saƙo.

"Ka yi salla a ɗakin can," in ji Hajiya. "Nan za ka kwana."

Na tura ƙofa na kunna fitila. Akwatuna ne saiti guda, sababbi fil, jere daga babba zuwa ƙarami. Na saman a buɗe yake: atamfofi, leshi, takalma da jakunkuna, kwalaben turare. Ni da na girma da yayye mata, ba sai an gaya mini ba. Na yi sallar, amma Allah ya yafe mini, ban san surar da na karanta ba.

"Hajiya," na ce da na fito, ina ƙoƙarin daidaita murya, "kamar lefe na gani."

Fuskarta ta washe. "Na yarona ne! Bayan Mauludi zai yi aure, in sha Allah. Wanda ya kawo ka gidan nan mana. Ya daɗe yana zaɓe, sai yanzu ya samu wanda ransa yake so."

Yau ɗin nan aka koya mini darasi a St. George, kuma na haddace shi. In Hajiya ta ce "ya", to "ta" take nufi. Wa ya kawo ni gidan nan? Na leƙa kicin, ga Auta ta maƙale waya a kafaɗa tana mulmula dakuwa tana dariya ƙasa-ƙasa. Shi ke nan. Gidan mai taga ya rushe, kawuna suka koma da goronsu.  An kawo abincin dare na ji ba ya mini ɗanɗano, ko da yake na cinye har na karɓi ƙari. A ɗakin akwatunan na kwana, ƙamshin turaren wani yana shiga hancina.

Da safe na ce zan koma. Hajiya ta yi faɗa, ta yi lallashi, da ta ga na ɗaure jaka sai ta zauna ta taya mu ƙulla kaya a ƙananan ledoji: dambu, dakuwa, garin kwaki haɗe da madara da sukari yadda ruwa kawai zan zuba, shito a roba. Jakar ba ta taɓa nauyi haka ba. A bakin ƙofa ta kwance bakin zanenta ta ciro farin goro guda ta danƙa mini.

"Tunda ba ka sayowa, tafi da shi. In ka kai allon ka ci. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ɗana."

Auta tana da aiki a Manhattan, don haka tare muka shiga feri. Wannan karon a kusa da ni ta tsaya, ta ce yau na zama mutum. Ni kuwa ruwa nake kallo. Jaruman da na karanta ba sa tafiya da ƙulli a zuci, sukan yi fatan alheri ko da zuciya tana zubar da jini. Sai da muka zo daidai koriyar matar sannan na tattara ƙarfina.

"Allah ya sanya alheri," na ce. "Allah ya ba da zaman lafiya."

"Amin. Na me?"

"Na bikin. Na ga akwatuna."

"Oh! Ai sai ka kira shi ka gaya masa da kanka, zai ji daɗi."

"Angon? Ina na san shi?"

Ta juyo gaba ɗaya. "Ba ka san Razak ba? Wa ya ba ka number Mma?"

Na ji jirgin ya yi wani lilo, ko kuma ni ne. "Hajiya ta ce wanda ya kawo ni gidan..."

"E mana. Razak ya kawo ka. Ni rakiya na yi. Kayan amaryarsa ne, ba a kai ba tukuna."

"Amma jiya kika ce 'ya' ɗinku 'ta' ne!"

"Na ce kowa 'ya' ne. Ban ce maza sun ƙare ba!"

Dariyar da ta yi har wasu Turawa suka juyo suna taya ta ba su san dalili ba. Ta share hawaye da gefen hijabi. Can sai ta tsaya, ta dube ni ta gefen ido. "Wato shi ya sa tun jiya ka yi fuskar mara lafiya."

Ni kuwa ji nake kamar in haye ƙarfen in yi kiran salla. Tsuntsaye, ruwa, benaye, komai ya dawo da kalarsa. Na sauke jakar daga bayana na dire ta. "To na fasa. In mun sauka zan biyo feri na gaba in koma wurin Hajiya."

Murmushinta ya ɗauke. Ta buɗe tafukan hannunta a gabana. Duk sun yi ja, ƙulli biyu sun tashi sun ɗuri ruwa inda taɓarya ta ci.

"Ka ga wannan? Ban daka dambun nan don mai zaman falo ba. Jiya da kake ba Mma labarin allon nan, ni ina kallon idonka. In ka zauna, wata ɗaya za ka fara tsayawa a window kana kallon arewa, kuma ni za ka ɗora wa laifi. Tsohon nan yana jiran ka. Ɗauki jakarka."

"Auta..."

"Biki bayan Mauludi ne. Ka taɓa allonka ka zo. Da wanka."

Jirgin ya fara rage gudu, jama'a suka fara matsowa bakin ƙofa. Na sunkuya na ɗauki jakar, na ji nauyinta ya zauna daidai a ƙuguna. Na ce, "Wannan guzurin ba zai kai ni Maine ba. Mako biyu in na yi tattali."

"An yi maganar a gida. Duk garin da za ka sauka ka kira tun da wuri. Akwai wanda zai daka sabo ya aiko maka ta gidan waya."

Na riga na sha wuya sau biyu, ba zan sha ta uku ba. "Wanda zai daka ɗin nan," na ce, "ya ne ko ta?"

Ta gyara hijabinta, ta kalli ruwa. Sannan a hankali, da Hausar Kano, tana taka kowace kalma kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu, ta ce, "Za ta daka. Za ta aiko."

Aka buɗe ƙofa ta shige cikin jama'a ba ta waiwayo ba. Mutumin jiya mai kati a wuya yana nan a bakin hanya, ya tare ni bai gane ni ba, na ce masa sannu na wuce da gudu.

Na samu jirgin da ƙyar. Da ya tsaya a tashar katako, Cokali yana zaune a kan benci jakarsa a baya, ya riga ya ɗaure takalmi. Ya dube ni, ya dubi jakata. Na kwance leda guda na miƙa masa. Ya ciro cokalin wuyansa ya ɗiba ya kai baki, ya tauna, sai tari, sai hawaye, fuskarsa ta yi jawur. Bai gama tarin ba ya sake miƙo cokalin.

"Abokin nan naka direba, shi ya yi wannan?"

"Ita," na ce.

Hawan da ke bayan tashar dogo ne, amma ranar ni na riga shi kaiwa sama. Na tsaya ina taɓa goron da ke aljihun gabana, kusa da tikitin feri. Da ya iso yana haki na ce masa, "Sannu."